Zuciyar da Ke Tuƙa da Dare

Wasiƙar wannan makon daga wata uwa ce a Kaduna. Na cire sunanta da na unguwarta, na kuma taƙaita maganar.

"Malama, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni malamar firamare ce, shekaruna 47, yarana huɗu. Maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce, tun daga lokacin ban ƙara sanin daɗin barci ba. Ƙarfe biyun dare sai in farka kamar an tashe ni, tunani ya fara: kuɗin makaranta, kuɗin haya, sai babban ɗana da yake tuƙa mota tsakanin Kaduna da Abuja. In na kira shi bai ɗauka ba, kafin minti goma har na ga gawarsa a zuciyata. Daga nan in koma kan maigidana, ina cewa da na kai shi asibiti da wuri da yana nan. Na yi azumi, na je addu'ar dare, an ɗora mini hannu. Wata uwa a Zumuntar Mata ta ce mini damuwa zunubi ne, alama ce ban ba da gaskiya ba. Yanzu har cikin addu'a wasu munanan kalmomi game da Allah suna faɗo mini a rai, ba zan iya ko rubuta su ba. Ina tsoron ko na yi saɓon da ba a gafartawa. Me zan yi?"

'Yar'uwata, sannu. Sannu da rashi, sannu da ɗawainiyar marayu. Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, domin na san shi ya fi ci miki rai. Ba ki yi saɓon da ba a gafartawa ba. Ki buɗe Markus sura 3 ki ga mutanen da Yesu yake yi wa wannan gargaɗi. Malaman Attaura ne da suka taso takanas daga Urushalima, suka ga ana 'yantar da mutane daga aljannu, suka dubi aikin Ruhun Allah da idonsu, sannan da gangan suka jingina shi ga sarkin aljannu. Ba wanda a cikinsu ya kwana yana kuka a kan abin da ya faɗa. Ke kuwa kalmar da ta faɗo miki ta razana ki har hannunki ya ƙi rubuta ta. Razanar nan ita ce shaidar inda zuciyarki take. Zan dawo kan wannan, amma ina so ki karanta sauran amsar hankalinki a kwance.

In kin taɓa zama kusa da garke da yamma, kin ga yadda saniya take kwanciya, ta dawo da ciyawar da ta ci da rana, ta yi ta tuƙa. Daga wannan hali na dabba masana halayyar ɗan Adam suka ɗauko sunan abin da yake damun ki. Sai dai saniya in ta gama tuƙa takan haɗiye, abin ya koma nono da tsoka. Zuciya mai irin wannan tunani ba ta haɗiyewa. Loma ɗaya take juyawa daga ƙarfe biyu har kiran asuba, gari ya waye lomar tana nan yadda take, mai ita kuwa ta gaji tiɓis. Fuska biyu gare ta, duka kuma suna cikin wasiƙarki. Mai kallon baya kalmarta "da na sani", mai kallon gaba kalmarta "idan fa".

Wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Nolen-Hoeksema, ta shafe sama da shekara 20 tana binciken wannan hali har ta rasu a 2013. Cikin waɗanda ta bi diddiginsu har da mutanen da suka yi jinyar ɗan'uwa ya mutu a hannunsu, kamar ke. Ta gano cewa waɗanda suke zama suna juya baƙin cikinsu a zuci sun fi daɗewa a cikinsa, ya fi kuma yi musu zurfi. Abin da ya fi ba ni mamaki a bincikenta shi ne, mai yawan tunani ya fi kasa warware matsalarsa, alhali shi yana ganin warware ta yake yi. A Zimbabwe mutanen Shona suna kiran ciwon da sunan da ma'anarsa ita ce yawan tunani, daidai yadda mu ma muke cewa "tunani ya yi mata yawa". Wani likitansu, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata, aka sa musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna zama suna sauraron masu irin wannan damuwa, suna taimaka musu su zaɓi matsala ɗaya su san abin yi a kanta. Da aka gwada tsarin aka buga sakamakon a 2016, an ga waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi ƙwarai. Ki riƙe wannan labari, zai yi mana amfani in mun zo kan Zumunta.

Me ya sa tunanin yake da wuyar bari? Domin yana shigowa da rigar ƙauna. Uwa takan ji cewa in ta kwanta ta yi barci ɗanta yana kan hanya, ta yashe shi ke nan. Duk ranar da ya iso lafiya kuma, wani lungu na zuciya yakan ce damuwar ce ta tsare shi, sai gobe a sake. Ba zan ce miki tsoronki ba shi da tushe ba. Duk mai zama a Kaduna ya san abin da hanyar Abuja ta ga, ya san harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, ya kuma san yadda mudun masara da kuɗin mota suka koma tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ki tambayi kanki da gaskiya: a shekara ukun nan, farkawar ƙarfe biyu ta taɓa rage naira ɗaya daga kuɗin haya? Ta taɓa cike rami ɗaya a hanyar? Wannan ita ce hujjar da Yesu ya kawo a Matiyu sura 6, kuma in kin lura, da muryar mai lallashi ya kawo ta, yana nuna wa mutane tsuntsaye da furannin jeji.

Uwar da ta ce miki damuwa zunubi ne, na yarda alheri take nufi. Amma maganin da ta ba ki ya ƙara ciwon. Da kina da damuwa ɗaya, yanzu kina da biyu: kina damuwa, kina kuma damuwa da cewa kina damuwa. Ayar da aka fi jawowa a nan tana Filibiyawa sura 4, inda Manzo Bulus, yana ɗaure, ya gargaɗi 'yan'uwa su mai da damuwarsu roƙo. A harshen Helenanci da ya yi rubutu da shi, kalmar da ya mora a wurin ita ce dai ya mora a sura 2 ta wannan wasiƙa yana yabon Timoti saboda yadda ya damu da su. Daga tushenta kuma ya ɗauko kalmar da ya bayyana halin kansa da ita a 2 Korintiyawa sura 11, inda ya ce nauyin ikkilisiyoyi yana danne shi kowace rana. A farkon 2 Korintiyawa ma ya faɗa ƙarara cewa a ƙasar Asiya wahala ta kai su har sun fid da rai. Mutumin da ya san wannan nauyi a jikinsa, hanya yake nuna wa masu ɗauke da kaya, inda za su sauke. Ubangijinmu kansa a Getsamani baƙin ciki ya rufe shi, ya roƙi abokai uku su zauna kusa da shi, ya maimaita roƙo ɗaya har sau uku. Wa zai ce bangaskiyarsa ce ta gaza?

Charles Spurgeon, mai wa'azin nan na Landan da fastocinmu suke yawan ambata, yana ɗan shekara 22 yana kan mumbari a 1856 wani ya yi ihun gobara a cikin taron dubban mutane. Aka yi turmutsutsu, mutum bakwai suka mutu. Abin ya bi shi har ƙarshen ransa, yana fama da baƙin ciki mai zuwa yana komawa, bai kuma ɓoye wa ɗalibansa ba. Ina kawo shi ne domin a ikkilisiyoyinmu na Filato da Kudancin Kaduna da Borno akwai dubban mutanen da suka ga abin da ya fi wannan, suna zaune a benci ranar Lahadi suna jin kunyar cewa har yanzu ba sa barci.

Yanzu munanan kalmomin nan. A 1987 wani masani mai suna Daniel Wegner ya zaunar da ɗalibai, ya ce kada su tuna wata farar dabba na tsawon minti biyar, duk sanda ta faɗo musu su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su kuma, tunanin dabbar ya fi yawa a wurinsu fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Ki gwada da kanki: na hana ki tuna farin raƙumi daga nan zuwa ƙarshen wannan layi. Kin ga? Kafin zuciya ta tabbatar ba ta tuna abu ba, dole ta leƙa ta ga ko yana nan, leƙen kuwa shi ne tunawar. Haka kike yi a addu'a. Kina durƙusawa kina gadin ƙofa kada kalmar ta shigo, gadin ne yake kiran ta. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya shafi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 suna samun tunanin da ba su so, ba su kuma gayyata ba. Irin wannan tunani yakan nufi abin da mutum ya fi daraja. Uwa mai jego takan ga hoton jaririnta ya suɓuce daga hannunta, mai tsoron Allah kuwa kalmar saɓo ce take faɗo masa. John Bunyan na Ingila, wanda ya yi shekara 12 a kurkuku saboda wa'azi, ya rubuta a tarihin rayuwarsa da ya fito a 1666 cewa ya yi shekaru yana fama da wannan abu naki daidai, har da tsoron saɓon da ba a gafartawa. Tun kafin shi, wani mai zaman zuhudu a hamadar Masar, Evagrius, wanda ya rasu a 399, ya koya wa almajiransa cewa zuwan tunani ba a hannun mutum yake ba, abin da yake hannunsa shi ne ko zai shimfiɗa masa tabarma.

Saboda haka in kalmar ta zo, kada ki tsaya ki yi kokawa da ita, kada ki koma farkon addu'ar, kada ki nemi gafara a kanta sau ashirin. Duk waɗannan abinci ne gare ta. Ki ce a ranki, "Ga ta nan kuma," ki ci gaba daga inda kika tsaya, kamar yadda kike ci gaba da darasi a aji in babur ya wuce da ƙara. Kwanakin farko za ki ji kamar kin yi sakaci da abu mai girma. Ki daure. Abin da ba a kula shi yakan gaji.

Akwai wani labari da nake so ki zauna da shi mako guda, 1 Sarakuna sura 19. Ban san wani wuri a Littafi Mai Tsarki da ya zana tuƙar zuciya kamarsa ba. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, sai saƙon Yezebel ya iso cewa za ta kashe shi. Ya gudu har Biyersheba. A can ya yi abin da masu damuwa suke yi: ya bar baransa, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa. Ki dubi abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa wa'azi ba, bai tambaye shi ina bangaskiyar jiya ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Sai da jiki ya dawo aka fara magana. Wannan ya sa nake roƙon ki ki dakatar da dogon azumi a yanzu. Jikin da ba ya barci, in aka ƙara masa yunwa, tsoro yake ƙara haifarwa.

A Horeb Allah ya yi masa tambaya, ya amsa da ƙorafinsa. Aka yi iska, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, aka yi wata 'yar murya siririya, sannan aka sake yi masa tambayar. Ki gwada amsoshin biyu, aya ta 10 da ta 14. Kalma da kalma ɗaya ne. Annabi guda, bayan ya ga duk wannan, lomar dai yake juyawa. Cikin ƙorafin kuma akwai abin da ba daidai ba: ya ce shi kaɗai ya rage, alhali a sura 18 Obadiya ya faɗa masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawa 100 a kogwanni yana ciyar da su. Iliya ya san wannan, damuwa ce ta share masa shi. Haka take yi wa kowa, tana tuna miki bashin da ya rage, ta mantar da ke zango tara na makaranta da kika riga kika biya ke kaɗai tun rasuwar maigidanki. Allah bai shiga gardama da shi ba. Ya ba shi aiki mai suna da wuri, ya je ya keɓe Hazayel da Yehu da Elisha. Ya gyara masa lissafi da cewa akwai mutum 7,000 da ba su rusuna wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi abokin tafiya.

Daga nan zan ɗauko abin da za ki yi. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu. Ki zaɓi lokaci ɗaya kowace rana, minti 20, bayan kin dawo daga makaranta, tun da sauran rana, a wuri ɗaya da ba gadonki ba. Wannan dabara wani masani, Thomas Borkovec, da abokan aikinsa suka gwada ta tun 1983, har yau kuma ana aiki da ita: a yanka wa damuwa lokacinta, duk sanda ta zo a wani lokaci a rubuta ta a layi ɗaya a ce mata ta jira. Mu masu bi muna da abin da za mu ƙara, domin muna da wanda za mu kai wa. A minti ashirin ɗin nan ki rubuta kowace damuwa da sunanta da adadinta. Kada ki rubuta "rayuwa ta yi wuya". Ki rubuta "kuɗin jarrabawar autana, naira kaza, kafin ranar kaza". Sannan ki yi wa kowace tambaya guda: akwai abin da hannuna zai iya yi a kan wannan cikin makon nan? In akwai, ki rubuta matakin da ranar yin sa, ko zuwa wurin shugaban makaranta ne a nemi biya kashi-kashi, ko magana da ma'ajin adashe, ko kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, domin kula da gwauraye da marayu hakki ne a kansu tun zamanin manzanni. In babu, ki faɗa wa Ubangiji da baki, da muryar da kunnenki zai ji, a jimla biyu ko uku, ki ce Amin, ki rufe littafin, ki tashi ki kama wani aiki.

Tashin nan yana da muhimmanci. Mutane da yawa da suke zuwa wurina suna cewa suna addu'a awa biyu da dare, in na bincika sai in tarar tunanin ne dai suke yi idonsu a rufe, suna sa sunan Allah a farko da ƙarshe. A Getsamani an maimaita roƙo sau uku, amma an kai wurin da aka miƙe tsaye aka fuskanci abin da yake zuwa. Ki kuma lura da irin tambayar da kike yi wa kanki. "Me ya sa ni?" rijiya ce marar ƙasa. "Yaya zan yi da gobe Talata?" tana da amsa. Manna da aka ba Isra'ilawa a jeji ta yini ɗaya ce, wanda ya ajiye ta kwana sai ta yi tsutsa. Ƙarfin da za ki ɗauki abin da bai zo ba tukuna ba a ba ki shi ba yau, shi ya sa in kin ɗauke shi a zuci yake fin ƙarfinki.

Bayan wata guda ki koma shafukan farko ki yi alama a kan abin da ya faru da wanda bai faru ba. A wata jami'a a jihar Pennsylvania ta Amurka an sa mutum 29 masu ciwon yawan damuwa su yi haka, aka tarar kashi 91 cikin 100 na abin da suka ji tsoro bai auku ba. Mutanen kaɗan ne, rayuwarsu kuma ba irin tamu ba ce, don haka ban ce ki dogara da adadinsu ba. Naki littafin nake so ya ba ki naki adadin, da rubutun hannunki. Shi ne zai zama littafin godiyarki.

Zuciya ba ta zama baki wofi, dole a ba ta abin tuƙa. Kalmar Ibraniyanci da aka fassara da yin tunani a Zabura ta 1 tana nufin maimaita abu ƙasa-ƙasa da leɓe. Ki haddace aya ɗaya gajeriya a mako, ko baiti ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ki riƙa juya shi kina wanke-wanke, kina tafiya makaranta. Kada ki mai da shi laya ta korar tunani, don in kin yi haka kin koma gadin ƙofa. Ki ci shi don daɗinsa. Ranar da ba ki da bakin yabo kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 kuka ne. Ta 77 ta mutumin da barci ya ƙaurace wa ce, yana jera wa Allah tambayoyi masu zafi, har ya juya ya fara tuna yadda aka raba teku. Ta 88 ma ba ta juya ba sam, cikin duhu ta ƙare, Ruhu Mai Tsarki kuma bai cire ta daga Littafin ba.

Batun maigidanki. Ni ma na san wannan "da na sani". Mahaifina ya yi kwana huɗu yana cewa zazzaɓi ne kawai, na yarda da shi, na yi watanni bayan rasuwarsa ina ƙirga kwanakin nan huɗu. Abin da ya sake ni shi ne ranar da na gane ina yi wa matar wancan mako shari'a da ilimin da ba ta samu ba sai bayan jana'iza. Ke ma a lokacin ba ki san ƙarshen labarin ba. Kin yi abin da mace mai ƙaunar mijinta za ta yi da sanin da take da shi da kuɗin da yake hannunta. In kuwa bayan kin duba da gaskiya kin ga akwai wani abu takamaimai da kika gaza, ki je wurin fastonki ko wata uwa mai riƙe amana, ki faɗe shi sau ɗaya da baki, a yi addu'a, ki karɓi gafara, ki rubuta ranar a littafinki. In ya dawo, ki nuna masa ranar. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma a bakin tekun Galili aiki aka danƙa masa.

Ki zauna da ɗanki ku yi yarjejeniya: saƙo ɗaya in zai tashi, ɗaya in ya isa. Tsakaninsu ba kira. Kiran da kike yi yana ba ki sauƙin minti biyar ya ƙara miki ƙishirwar wani, shi kuma direba ne, waya a hannu kan hanya hatsari ce ta gaske. Bidiyon kashe-kashe da ake turowa a WhatsApp, ki daina buɗewa, ki fita daga rukunin da ba abin da yake kawowa sai su. Ki kuma yi nesa da masu cewa sun ga wahayin mutuwa a gidanki sai an kawo kuɗin addu'a. Na ga mata da yawa da irin wannan magana ta ƙarasa rusa musu barci da aljihu. In kin farka da dare kin kai kamar minti 20 ba barci, ki sauka daga gado ki zauna a tabarma da ɗan haske kaɗan, ba na waya ba, ki karanta Zabura ɗaya a hankali, sai barci ya fara fizgar ki ki koma. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro su tsaya kafin azahar.

Sannan ki je asibiti, kada ki ɗaga. Shekara uku ba barci ya wuce abin da za a bar wa shawara a jarida. A auna hawan jininki, a duba ko jininki ya yi ƙasa, a duba maƙoƙo, domin ƙwayar da take wuya in ta yi aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da fargaba da rashin barci. A shekarunki kuma sauyin jiki na ɗaukewar al'ada yana iya sa hannu. Ki faɗa wa likita batun tunanin duka, har da munanan kalmomin, sun saba ji. In baƙin ciki ya kai mako biyu kullum, abinci ya fita ranki, abin da kike so da ya daina yi miki daɗi, ko damuwa ta kai wata shida kin kasa riƙe linzaminta, to ciwo ne mai suna, yana kuma da magani. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Masu karatu na wasu wurare suna da irinsa a Kware ta Sakkwato da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Jos da Shika. Na san sunan da mutane suke kiran waɗannan wurare da shi, na kuma san ana tsoron a gan ka a ƙofarsu. Yawancin masu zuwa can mutane ne irinki, malamai da 'yan kasuwa, suna ganin likita su koma gida a ranar. Tun Janairu 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci. In an rubuta miki magani, ki sani yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kada ki bari don kin ga shiru, kada kuma wani ya sa ki zubar da shi da sunan bangaskiya. Bulus yana yawo da likita, Luka, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa. Abin da na hana ki shi ne sayen ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, irin su diazepam, domin jiki yana sabawa da su da sauri, barin su kuma ya zama sabon ciwo. In ko sau ɗaya tunanin kashe kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani a ranar, a raka ki asibiti a ranar.

Saura bencin nan na Harare. Zumuntar Mata ta riga ta mallaki abin da likitan can ya sha wahalar ginawa: mata masu shekaru, masu haɗuwa kowane mako, waɗanda suka san gidan juna. Abin da yakan rage shi ne kunne. Iyayena mata, in 'yar'uwa ta ce ba ta barci, a bar ta ta gama magana kafin a buɗe mata aya, a tambaye ta ko ta ci abinci, a tambaye ta wace matsala ɗaya za a kama tare a wannan mako. Ke kuma 'yar'uwata, ki zaɓi mace ɗaya a cikinsu, wadda kika san bakinta yana da marfi, zai fi kyau in ita ma ta taɓa binne miji. Ki nuna mata wannan shafi, ki roƙe ta ta raka ki asibitin, ku kuma riƙa duba littafin tare ranar Zumunta bayan an tashi.

Ki sake rubuto mini bayan wata guda. Ina so in ji ƙarfe nawa kike farkawa yanzu, abin da likita ya ce game da jininki, da sunan Zaburar da kika fi komawa gare ta.